Kusurwar Lissafi: Yadda Za Mu Gano x da y

Da yawa daga cikinmu gabanmu kan faɗi idan muka ga x da y a tambaya ɗaya, alhali lissafin kanti ne. Biro 2 da littafi 3 sun tashi N1,300, biro 1 da littafi 1 kuma N500. Nawa ne kuɗin kowanne?

Mu kira kuɗin biro x, na littafi y:

2x + 3y = 1300
x + y = 500

Dabarar ita ce mu kawar da harafi ɗaya. Mu ninka layi na biyu sau 2, ya zama 2x + 2y = 1000. Sai mu ɗebe shi daga layin farko, x ta tafi, y = 300. Mu cire 300 daga 500, x = 200.

Wurin ninkawa ake yawan zubar da maki: a ninka hagu, a manta da dama. Don haka mu riƙa gwada amsarmu: 400 + 900 = 1300. Ta zauna.

Irin wannan tambaya tana fitowa a WAEC da NECO.

Aikin mako: 3x + y = 11, x + y = 5. Amsa a fitowa ta gaba.