Wasiƙa Ga Matasan Rikkos Masu Burin Zana Benaye

Ƙannena,

Na ji wasunku suna cewa akitek za su zama, su riƙa zana dogayen benaye irin na Maitama da Ikoyi, masu lifta da wurin ninƙaya, inda attajirai ke kama filat. Buri ne mai kyau, kuma ƙofarsa ba ta da nisa: Jami'ar Jos tana da sashen zanen gine-gine, haka ma ABU Zariya. Shekara huɗu a digirin farko, biyu a na biyu, sai aiki a ƙarƙashin wani gwani da jarrabawar ƙwararru, kafin hukumar ARCON, wadda aka kafa a 1969, ta yi maka rajista. Wanda bai samu wannan rajista ba, ko ya fi kowa iya zane a kwamfuta, doka ba ta san shi da sunan akitek ba.

Ku 'yan Rikkos kuna da wani karatu da ba a bayarwa a aji: kun san ruwa. A watan Yulin 2012, ana cikin azumi, ruwan sama ya cika madatsar Lamingo, ambaliya ta ratsa Rikkos da Gangare. Sama da mutum 30 suka rasu, gidaje kusan 200 suka rushe ko ruwa ya shanye su. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Duk wanda ya tashi da labarin nan ya kamata, in aka nuna masa fili, ya fara tambayar ina ruwan damina ke bi kafin ya tambayi hawa nawa ake so. Ƙasar Jos kuma ba ta da amana ga mai gaggawa. Nan dutse ne zalla, can kuwa tsohon ramin kuza ne da aka cike. Bene mai nauyi ba ya hawa irin wannan ƙasa sai an gwada ta, kuma kuɗin gwajin nan shi mai gini ya fi son a tsallake.

Nan ne jarrabawar gaske take. Mai kuɗi zai zo da fara'a ya ce a ƙara hawa biyu, a rage rodi, a cire katakon dekin kafin kankare ya yi ƙarfi domin masu haya suna jira. Ranar 1 ga Nuwamban 2021 wani benen alfarma mai hawa 21 ya rufta a titin Gerrard da ke Ikoyi, sama da mutum 40 suka mutu, har da mai ginin kansa. Shugaban hukumar kula da gine-gine ta Legas ya ce hawa 15 aka amince. Injiniyoyin da suka fara aikin kuwa sun zare hannunsu a rubuce tun 2020. A nan gida, ba mu manta da makarantar da ta rufta a Busa Buji ranar 12 ga Yulin 2024 ba, inda mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Ku koyi cewa a'a tun yanzu, da ladabi, kuma a takarda.

Game da zanen kansa, kada ku ɗauko hoton Dubai ku dasa mana. Gilashi daga sama har ƙasa ba ya tare sanyin hunturun Jos, kuma Bahaushe ko ya hau hawa na goma yana son inda baƙo zai tsaya ba tare da ya leƙa iyalinsa ba. Akitek Mariam Issoufou ta Nijar da abokan aikinta sun zana rukunin gidajen Niamey 2000 na bulon ƙasa, masu bene, ba su yar da sirrin gida ba.

Ku je gidan tarihin Jos ku ga kwafin masallacin Juma'ar Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ku dubi yadda bakan gizo ke ɗaukar rufi. In kun samu hutu kuma ku nemi wurin gini, ku roƙi birkila ya bar ku ku auna siminti da yashi da hannunku.

Wassalam,
Yayanku