Zulkifilu, Sunan Wanda Ya Ɗauki Alkawari Ya Cika

Ɗana, na lura samarin yanzu idan matansu suka samu juna biyu, tun ciki bai tsufa ba sai su duƙufa a kan waya suna laluben sunan da babu mai irinsa a unguwa, kuma ni ban ga laifin hakan ba, domin son uba ya ware ɗansa daga cikin yara abu ne da Allah ya dasa a zuciya. Abin da ke damuna shi ne sau da yawa ana zuwa nesa a ɗauko sunan da daɗin faɗa kawai gare shi, in ka tambayi uban ma'anarsa ya ce maka ai Larabci ne, alhali ga sunaye masu nauyi a cikin Alƙur'anin da ke ɗakinsa babu mai waiwayarsu. Ɗaya daga cikinsu nake so ka ba ni aron kunnenka a kansa, shi ne Zulkifilu.

Duk yaron da ya zauna a islamiyya ya haddace annabawa 25 da Alƙur'ani ya ambata, kuma in ka zaga kowace unguwa a Kano ko Zinder za ka tarar kusan dukansu suna da takwarori, ga Adamu ga Nuhu, ga Ayuba ga Yunusa, su Ibrahim da Musa da Yusufu kuwa ba a magana. Amma sai ka gama gari guda ba ka ji an kira Zulkifilu ba, kamar yadda Alyasa'u ma ya yi wuya. A ganina dalilin bai wuce biyu ba. Mu Hausawa gadon suna muke yi, ana mayar da sunan kaka ko na malami ko na aminin uba, saboda haka sunan da bai taɓa shiga gida ba yakan daɗe a bakin ƙofa. Sannan Alƙur'ani bai kawo masa doguwar ƙissa irin ta Annabi Yusufu ba, wadda iyaye mata za su riƙa ba yara da dare har sunan ya zauna musu a zuciya.

Sau biyu kawai aka ambace shi. A Suratul Anbiya, aya ta 85, an jera shi da Isma'ila da Idrisu, aka shaide su duka da haƙuri, kuma ka lura da wurin da ayar ta faɗo, domin ta zo ne daidai bayan labarin Annabi Ayuba da cutarsa. A Suratu Sad, aya ta 48, an haɗa shi da Isma'ila da Alyasa'u, aka sanya su cikin zaɓaɓɓu. Abin da Allah ya ga dama ya faɗa mana a kansa ke nan, haƙuri da nagarta, kuma wallahi ya ishi mutum abin alfahari.

Shi kansa sunan laƙabi ne. Farkonsa, wato Zu, yana nufin ma'abocin abu, irin wanda ke cikin Zulƙarnaini da Zunnuraini da watan Zulhajji. Kifli kuwa Larabawa suna amfani da shi wajen rabo ko kaso, kuma tushensa ɗaya da kalmar da ke nufin ɗaukar nauyi da tsaya wa mutum, abin da mu muke ce wa lamuni. Daga wannan tushen aka bayyana yadda Annabi Zakariya ya ɗauki rainon Nana Maryamu, da shi kuma hadisi ya siffanta mai riƙon maraya, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haɗa yatsunsa biyu don nuna kusancinsu a Aljanna. Saboda haka duk ta inda ka juya sunan, ko dai mai babban rabo ne, ko kuma wanda ya ce na ɗauka kuma bai sauke ba.

Malaman tafsiri sun kawo dalilin laƙabin, kuma Ibnu Kasir ya naƙalto shi daga Mujahid, almajirin Ibnu Abbas. Ka riƙe cewa ruwayar magabata ce, ba hadisin Annabi ba, amma darasinta tsabtatacce ne. An ce da Annabi Alyasa'u ya tsufa sai ya tara jama'a yana neman wanda zai riƙe masa al'amarinsu tun yana raye, bisa sharaɗi uku: ya yini da azumi, ya raya dare da salla, kuma kada ya yi fushi. Wani mutum da idon jama'a ke rainawa ya miƙe ya ce ya ɗauka, aka mayar da shi. Washegari aka sake tambaya, kowa ya yi tsit, shi ɗin dai ya sake miƙewa, sai aka naɗa shi, kuma shi ne aka yi wa laƙabi da Zulkifilu.

To a nan ne Iblis ya shigo, bayan yaransa shaiɗanu sun gaza sa mutumin ya saɓa alkawarin. Bai zo masa da dukiya ko mace ba, sai ya zo a siffar tsoho matalauci, daidai lokacin ƙailula, wanda shi ne kaɗai barcin bawan Allahn nan a dare da rana. Ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce danginsa sun zalunce shi, ya yi ta jan magana har lokacin barci ya wuce. Aka ce masa ya zo majalisa da yamma a ƙwato masa haƙƙinsa, bai zo ba. Kashegari ya dawo a daidai wannan lokacin da uzuri a bakinsa, aka sake sauraronsa, aka sake yi masa alkawari, ya sake ƙin zuwa. A rana ta uku barci ya yi wa Zulkifilu nauyi har ya sa a tsare ƙofa, sai tsohon ya shiga ta wata kafa ya riƙa bugun ƙofar daga ciki. Da ya tashi ya ga ƙofa a kulle yadda ya bar ta, sai ya gane da wa yake tare, shi kuma Iblis ya amsa cewa ya rasa ta inda zai kama shi ne, shi ya sa ya nemi ya fusata shi.

Ɗana, na daɗe ina juya wannan ƙissa a raina, kuma abin da ya fi tsaya mini shi ne cikin sharuɗɗan nan uku, na ƙarshe Iblis ya zaɓa. Azumi da tsayuwar dare tsakaninka da Ubangijinka ne, kana iya shirya musu, amma fushi mutane ne ke kawo maka shi har gida, kuma ba sa zuwa sai ka gaji, sai yunwa ta kama ka, sai ka dawo daga kasuwa babu ciniki ka tarar yaro ya fasa abu. Mun ga masu sahun farko da ba a iya zama da su a cikin gida, matansu na rawar jiki in sun ji sallamarsu. Shi ya sa lokacin da wani mutum ya nemi wasiyya wurin Manzon Allah, kamar yadda Bukhari ya ruwaito, hana shi fushi kawai ya yi, ya sake tambaya ya sake ba shi amsa guda.

Malamai sun yi saɓani ko annabi ne ko salihin bawa. An ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari cewa mutumin kirki ne ba annabi ba, Ibnu Kasir kuwa ya rinjayar da annabcinsa saboda an jera shi cikin annabawa, kuma a kan haka aka karantar da mu. Wasu sun ce ɗan Annabi Ayuba ne mai suna Bishru, wasu suka ce shi ne Hizƙilu na Bani Isra'ila. A Iraƙi, kudu da birnin Hilla a bakin kogin Furatu, akwai garin da ake kira Kifli saboda kabarin da ake jingina masa, wanda Musulmi da Yahudawa suka shafe ƙarnuka suna ziyarta. Sunan da ya yi mana wuya kuma a Indunusiya da Malesiya ruwan dare ne, suna cewa Zulkifli, har wani mai suna Zulkifli Hasan ya shugabanci babbar majalisar Indunusiya daga 2014 zuwa 2019.

Iyayenmu da suka ce suna linzami ne ba su faɗa don ado ba. Sa'idu ɗan Musayyib, babban malamin Madina, ya ba da labarin kakansa mai suna Hazanu, wato mai tsauri, wanda Annabi ya so ya mayar da shi Sahalu, mai sauƙi, amma ya ce ba zai sauya sunan da mahaifinsa ya raɗa masa ba, kuma Sa'idu ya ce tsaurin bai bar gidansu ba bayan haka. Saboda haka kada ƙarancin suna ya zama shi ne abin da ya ja ka, kada kuma ya zama abin da ya kore ka don gudun 'yan barka su ce wannan wane irin suna ne. Yaro yana girma ne yana kallon ubansa, in ka raɗa masa sunan wanda bai yi fushi ba alhali kullum yana jin tsawarka a tsakar gida, in ka kira shi mai cika alkawari alhali tela da mai shago suna bin ka bashin da ka ce gobe, to ka ɗora masa kayan da kai ka ƙi ɗauka.

In Allah ya sauki iyalinka lafiya kuma namiji ne, ka shawarci mahaifinka da mahaifiyar yaron tukuna, domin suna da haƙƙi a ciki. In sun yarda, ranar suna ka faɗa wa liman sunan cikakke kafin a yanka rago, ka roƙi 'yan gida kada su gutsure shi har asalinsa ya ɓace, kuma in yaron ya yi wayo ka zaunar da shi da kanka ka ba shi labarin mai sunan. Allah ya raya mana, ya yi maka albarka, ɗana.