Wace A-kori-kura Ce Za Ta Jure Hanyarmu?

Tambaya: Ni manomi ne a Ruwan Bore. Ina son sayen a-kori-kura ta hannu domin kai hatsi kasuwannin Gusau, Tsafe da Bunguɗu. Wacce zan saya?

Amsa: Malam, Allah ya sanya albarka. In kuɗinka sun kai, Toyota Hilux nake ba ka shawara. Tun 1968 ake ƙera ta, kuma abin da ya fi ƙarfinta muhimmanci shi ne bakaniken Gusau ya san cikinta, kayan gyaranta kuma ba sa wuya. Abin da aka rasa a nan, ana samo shi a Ƙofar Ruwa ta Kano. Mitsubishi L200 ma ba ta da laifi, sai dai kayanta sun fi wuyar samu. Tsohuwar Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna ta yi zamaninta, amma shekaru sun cim mata.

Sai dai suna kaɗai ba ya ja kaya. Je da bakanikenka, ba na mai mota ba. A tayar da injin da sassafe yana sanyi, ku duba launin hayaƙin. Ku buɗe murfin baƙin mai. In kun ga kumfa fari-fari, ruwa na shiga, ku bar ta. Ku shiga ƙarƙashinta ku nemi tsatsa da wurin da aka yi walda, domin motar da ta sha lodi a nan take tona kanta. Takardun kwastan kuma ku tabbatar lambar jikinsu ta dace da ta motar.

Ka kuma ware kuɗin taya huɗu da sifirin kafin damina.