An Sallame Ka Daga Aiki? Shawarwari Kan Kuɗin Fanshonka

Magidanta da dama a Gagarawa Tasha da Gumel sun yi aiki a masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano, aka sallame su, suka dawo gona suna zaton kuɗin fanshonsu ya bi ruwa. Yana nan.

1. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari na albashinka, kamfani ya ɗora kashi 10, a zuba a asusu mai sunanka. Ko da laifi aka kore ka, kamfanin ba shi da ikon taɓa wannan asusu.

2. Idan ba ka kai shekara 50 ba, kuma ka yi wata huɗu ba ka samu wani aikin ba, kana iya karɓar kashi 25 na abin da ya taru. Sau ɗaya ake bayarwa. Saboda haka ina roƙonka kada ya tafi a biki ko suna. A sa shi a abin da zai ciyar da gida: tumakin kiwo daga kasuwar Maigatari, ko taki da irin riɗi kafin damina. Ragowar sai ka cika 50.

3. Uwargida, a adana takardar sallama da takardun albashin watannin ƙarshe inda gara da ruwa ba za su kai ba. Za a nemi su, da lambar NIN da shaidar haihuwa.

4. Ka nemi bayanin asusunka daga kamfanin fanshon da ke kula da shi, ka bi shi wata-wata. Doka ta ba kamfanin da ya ɗauke ka aiki kwana 7 na aiki bayan biyan albashi ya tura kuɗin. Wasu suna cirewa su riƙe, wannan kuwa cin gumin talaka ne. In ka ga giɓi, ka rubuta wa hukumar fansho ta ƙasa, PenCom. In ya gagara, Kotun Ma'aikata tana zama a Kano. Kada ka yi jinkiri.

5. Malaman firamare da ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi, tsarinku daban ne, hukumar fanshon Jigawa da ke Dutse ke riƙe da shi. A aikin gwamnati kora na iya cinye garatuti da fansho, ritayar dole kuwa ba haka take ba. Ka duba abin da aka rubuta a takardar sallamarka, ka je hukumar tare da wakilin ƙungiyarku, ka tambayi matsayin kashi 8 ɗin da aka riƙa cire maka.

6. Ka sabunta sunan magajinka a asusun, ka kuma sanar da iyali sunan kamfanin fanshon da lambarka.