Dundumi da Abinci

Dundumi, watau rashin gani da zarar magariba ta yi, yawanci ƙarancin bitamin A ke kawo shi. Ya fi kama ƙananan yara da mata masu ciki, musamman da rani sa'ad da ganye ya yi wuya, ko kuwa bayan ƙyanda. In aka yi sakaci, ido yakan bushe har yaro ya makance.

Rigakafinsa yana cikin hanta, ƙwai, manja, kabewa, mangwaro da zogale. A riƙa sa mai a miya, gama sai da mai jiki ke karɓar amfanin ganye. Ganyen ajiya kuwa a shanya shi a inuwa, don rana tana rage ƙarfinsa.

Lalle hakimai su gargaɗi dagatai, a kai mai dundumi asibiti tun da wuri.