Amsoshin Tambayoyinku: Jona Na'urori Da Yawa Ta Kafar USB Guda

Mahaɗar USB, wadda wani mai sauraro daga Musawa ya yi tambaya a kanta, ƙaramar na'ura ce da ake jonawa a kafa ɗaya ta kwamfuta, ta fitar da kafofi huɗu ko bakwai. A ƙa'ida tsarin USB yana ɗaukar na'urori har 127, sai dai wuta ce ke taƙaita abin. Kafar USB 2.0 tana ba da miliamfiya 500, ta USB 3.0 kuma 900, kuma duk abin da aka jona daga nan zai sha.

Linzami da kibod da filashi ba su cin wuta sosai. Amma a shagon kwamfuta da ke buga takardu da cike fom ta intanet, inda ake haɗa sikana da faifan ajiya na waje, wutar takan gaza: faifan ya riƙa ƙyas-ƙyas yana ɓacewa, wani lokaci fayil ya lalace. Maganinsa mahaɗa mai cajarta daban. Saurin aika bayanai ma raba shi ake yi, shi ya sa ya fi kyau a jona faifan ajiya kai tsaye a jikin kwamfutar.