Idan Ka Tsallake Rana, Ka Koma Gobe

Karatu: 1 Timoti 4:6-10
Ayar haddacewa: Karin Magana 24:16

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, sau nawa ka ɗauki alkawari a watan Janairu cewa za ka riƙa motsa jiki kowace safiya, kafin Ista kuwa maganar ta mutu? Yawanci rana ɗaya ce take kashe ta. An yi ruwan sama, ko yaro ya kwana da zazzaɓi, ko ka dawo daga addu'ar dare a gajiye. Sai zuciya ta ce tun da ka karya tsarin, ka bari gaba ɗaya.

Manzo Bulus ya koya wa Timoti cewa horon jiki yana da nasa amfani, ko da yake bai kai na ibada ba, wadda ribarta ta shafi rayuwar yanzu da mai zuwa. Ka lura, bai hana horon jiki ba. A 1 Korintiyawa 6:19-20 ya tuna mana cewa jikinmu haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, saye ne kuma da aka yi da tsada. Wanda aka ba shi ajiya yakan kula da ita. Hawan jini da ciwon suga suna raba iyaye da 'ya'yansu, suna kuma kwantar da ma'aikatan da ikkilisiya take bukata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato minti 30 sau biyar. Ta kuma ce kaɗan ya fi babu. Tafiya da sauri zuwa kasuwa, noma, hawan keke, rawa a lokacin yabo, duk suna cikin lissafi. In minti 30 ya gagara yau, yi 10. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

Ayarmu ta haddacewa ta nuna cewa mai adalci ma yakan faɗi, har sau bakwai. Abin da ya bambanta shi shi ne yakan tashi. Haka yake da addu'ar safe da karatun Littafi Mai Tsarki, haka yake da tafiyar minti 30. Mai ƙarar 'yan'uwa ne yake so ka zauna a inda ka faɗi. Alherin Allah yana ɗaga ka ka ci gaba.

Abin yi: Zaɓi kwana uku a wannan mako, ka sa lokaci, ka nemi wani ɗan'uwa ku riƙa fita tare. In ka tsallake rana, kada ka ninka washegari, ka koma yadda ka saba kawai. Mai ciwon zuciya ko mai juna biyu su fara jin shawarar likita.

Addu'a: Ya Uba, na gode domin jikin da ka ba ni. Ka cire mini ragwanci da karayar zuciya, ka ba ni ƙarfin tashi duk lokacin da na faɗi, cikin sunan Yesu. Amin.